Nauyi Daban, Kitse Daban: Abin da Sikeli Ke Faɗa da Abin da Yake Ɓoyewa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan mutum ya dawo daga tafiya aka ce masa "ka yi ƙiba", yabo aka yi masa. Mun saba ɗaukar cikar jiki shaidar wadata da kwanciyar hankali, rama kuwa alamar ciwo ko rashi ko damuwa. Wannan fahimta tana da tushe, domin a zamanin da yunwa da cututtuka masu ramarwa suka fi kashe mutane, wanda yake da ajiyar kitse a jikinsa ya fi kusa da tsira. Sai dai zamani ya juya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana ɗauke da ƙiba irin wadda likitoci ke tsoro, daga cikinsu akwai manya kimanin miliyan 890, kuma kason manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Nijeriya, binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya nuna cewa a cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin ɗari ramammu ne, kashi 28 cikin ɗari kuma nauyinsu ya wuce kima. Ramar ta fi yawa a karkara da jihohin arewa, ƙibar kuma a birane da kudu.

Tambayar da ke gaban likita ita ce, ta yaya za a raba cikar jiki ta lafiya da ƙiba mai cutarwa? Ido yana ruɗi, babbar riga da zane kuma suna rufa asiri. Saboda haka masana suka ƙirƙiro ma'aunai. Biyu daga cikinsu sun fi shahara: ma'aunin nauyi da tsawo, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan BMI, da kuma kason kitsen jiki. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake lissafa kowannensu, da inda ya samo asali, da iyakar abin da zai iya faɗa. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne cewa tambayoyi uku ne mabambanta: nawa ne nauyin jiki, nawa ne kitse a cikin nauyin, sannan a ina kitsen ya taru. Kowane ma'auni ɗaya daga cikinsu kawai yake amsawa.

Yadda ake lissafa BMI

Nauyi shi kaɗai ba ya faɗar komai. Kilo 80 a jikin dogo ba daidai yake da kilo 80 a jikin gajere ba. Don haka ake auna nauyi da kilo, a auna tsawo da mita, a ninka tsawon da kansa, sannan a raba nauyin da abin da aka samu. Misali, namiji mai kilo 70 da tsawon mita 1.75: idan aka ninka 1.75 sau 1.75 za a samu 3.06, idan aka raba 70 da 3.06 za a samu 22.9. Mace mai kilo 82 da tsawon mita 1.60 kuwa, 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56, sai a raba 82 da 2.56 a samu 32.0.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa wa manya sakamakon kamar haka. Ƙasa da 18.5 rama ce, ƙasa da 16 kuwa rama ce mai tsanani. Daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ne madaidaici. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama ƙiba ce, ita ma hawa uku: 30 zuwa 34.9, sai 35 zuwa 39.9, sai 40 zuwa sama. Bisa wannan, namijin misalinmu yana cikin madaidaita, macen kuma tana hawa na farko na ƙiba. Mai tsawon mita 1.70 nauyinsa madaidaici yana tsakanin kilo 53.5 da kilo 72, kuma yana shiga sahun masu ƙiba da zarar ya kusa kilo 87.

Asalin ma'aunin

Wanda ya fara wannan lissafi ba likita ba ne. Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam da ya rayu daga 1796 zuwa 1874, masanin lissafi ne da taurari. A shekarun 1830 ya tattara awon mutane da yawa yana neman siffanta abin da ya kira matsakaicin mutum, sai ya lura cewa a tsakanin manya, nauyi yana tafiya ne daidai da tsawon da aka ninka da kansa. Ƙiba ba ta cikin abin da ya dame shi, kuma mutanen da ya auna Turawan yammacin Turai ne.

Waɗanda suka fara ɗaura nauyi da tsawon rai kamfanonin inshora ne na Amurka, domin sun lura cewa masu nauyi da yawa sun fi saurin mutuwa, wato sun fi jawo musu asara. Kamfanin Metropolitan Life ya buga jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo a farkon shekarun 1940, ya sabunta shi a 1959 da 1983, likitoci kuma suka daɗe suna aiki da shi. A 1972 ne Ancel Keys na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka gwada hanyoyin lissafi daban-daban a kan maza fiye da 7,000 daga Amurka da Finlan da Italiya da Japan da Afirka ta Kudu. Sun gano cewa lissafin Quetelet ya fi sauran kusa da ainihin kitsen da aka auna, suka raɗa masa sunan da ake kiransa da shi a yau. Babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda suka auna.

Iyakokin 18.5 da 25 da 30 sun kafu ne a rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na tsakanin 1995 da 2000. Kwamitocin masana ne suka zaɓe su don sauƙin aiki, jiki bai san da su ba. A 1998, lokacin da hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar nauyin da ya wuce kima daga 27.8 ga maza da 27.3 ga mata zuwa 25 ga kowa, miliyoyin Amurkawa sun kwana madaidaita suka tashi masu nauyi fiye da kima, alhali ko giram ɗaya ba su ƙara ba. Haɗari yana hauhawa ne sannu a hankali kamar gangaren tudu, don haka mai 24.8 da mai 25.2 kusan matsayinsu ɗaya.

Amfanin BMI

Duk da haka, wannan ma'auni ya yi wa ilimin lafiya aiki mai yawa. Ba ya buƙatar komai sai sikeli da abin awon tsawo, ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya lissafa shi cikin minti ɗaya, kuma yana ba da damar kwatanta gari da gari ko shekara da shekara. A kan taron jama'a kuwa hasashensa yana da ƙarfi. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2009, wanda ya haɗa bayanan manya kimanin 900,000, akasarinsu daga Turai da Amurka ta Arewa, ya nuna cewa mace-mace sun fi ƙaranci a tsakanin 22.5 da 25. Daga nan zuwa sama, kowane ƙarin maki 5 yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kimanin kashi 30 cikin ɗari. Masu 30 zuwa 35 suna rasa shekara 2 zuwa 4 na rayuwa a matsakaicin lissafi, masu 40 zuwa 45 kuwa shekara 8 zuwa 10, kwatankwacin ɓarnar shan taba. Cututtukan da ke jawo haka sanannu ne: ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda da na hanta, da wasu nau'o'in ciwon daji.

Ƙasan ma'aunin shi ma yana da muhimmanci, musamman a yankinmu. Babban mutum da sakamakonsa ya faɗo ƙasa da 18.5, balle idan yana ci gaba da zubewa ba tare da ya nufa ba, yana buƙatar a bincike shi, domin tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon sukarin da ba a gano ba duk suna ramarwa. Macen da ta ɗauki ciki tana ramammiya kuma ta fi fuskantar haihuwar jariri marar nauyi.

Abin da BMI ba ya gani

Sikeli yana auna komai ne a haɗe: ƙashi da tsoka da kitse da ruwa da kayan ciki. Ba ya iya tsame ɗaya daga ɗaya. An gane haka tun 1942, lokacin da Albert Behnke, likita a rundunar sojan ruwan Amurka, da abokin aikinsa suka auna ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon Amurka 25. Bisa jadawalin nauyi na lokacin, 17 daga cikinsu sun yi nauyin da ba za a ɗauke su soja ba, amma awo ya nuna cewa akasarin nauyin nasu tsoka ce da ƙashi. Mu ɗauki misali daga gida. Ɗan kokawa da ma'aikacin ofis suna iya zama da tsawo ɗaya, mita 1.75, da nauyi ɗaya, kilo 85, sakamakonsu duka 27.8. Idan kitsen ɗan kokawar kashi 12 ne cikin ɗari, kilo 10 ke nan yake ɗauke da shi. Idan na ma'aikacin kashi 30 ne, yana ɗauke da fiye da kilo 25. Kama da wane ba ta wane.

Kuskuren da ya fi wannan yawa, ya kuma fi haɗari, shi ne na ɗaya ɓangaren. Mutum yana iya samun sakamako madaidaici alhali tsokarsa kaɗan ce, kitsensa kuma da yawa. Haka yake faruwa da tsofaffi, domin tsoka tana raguwa da shekaru, kitse yana maye gurbinta, nauyi kuma bai motsa ba. Haka nan kumburi yana ruɗin sikeli: mai ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta yana iya tara ruwa kilo da yawa a jikinsa yayin da naman jikinsa ke zagwanyewa. Mai juna biyu ba a yi mata hukunci da wannan ma'auni, sai dai a duba nauyinta na kafin ciki. Yara ma ba a auna su da iyakokin manya, suna da nasu jadawalin bisa shekaru da jinsi. Ga 'yan wata 6 zuwa 59, ma'aikatan lafiya a arewacin Nijeriya da Nijar sun fi dogara da zaren awon damtse mai launi uku, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani.

Sai kuma bambancin al'ummomi. A 2004 mujallar Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu abokan juna, Chittaranjan Yajnik na birnin Pune a Indiya da John Yudkin na Landan. Sakamakonsu ɗaya ne, 22.3, amma kitsen Ba'indiyen kashi 21.2 ne cikin ɗari, na Baturen kuwa 9.1. Mutanen kudancin Asiya da gabashinta sukan tara kitse, su kuma kamu da ciwon sukari, a ƙaramin nauyi. Shi ya sa ƙasar Sin ke aiki da iyakokin 24 da 28, Japan kuma ke ɗaukar 25 farkon ƙiba.

Game da baƙar fata, lamarin yana da sarƙaƙiya. Amy Luke ta Jami'ar Loyola a Amurka da abokan aikinta sun auna mutum fiye da 1,000 masu asali da Afirka ta Yamma a Nijeriya da Jamaika da Amurka a 1994 da 1995. Sun tarar cewa a kan sakamako iri ɗaya, 'yan Nijeriya sun fi ƙarancin kitse, baƙaƙen Amurka kuma sun fi yawa. Asali ɗaya ne, yanayin rayuwa ne ya bambanta. A ɗaya gefen, wani nazari na 2021 a kan mutum kusan miliyan ɗaya da rabi a Ingila ya nuna cewa haɗarin ciwon sukarin da Bature ke kaiwa a 30, baƙar fata yana kai shi a 28.1, mutumin kudancin Asiya kuma a 23.9. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila tana amfani da 23 da 27.5 ga masu asali da Afirka da Asiya. Darasin shi ne, kada ɗan Afirka ya saki jiki don kawai bai kai 30 ba.

Kason kitsen jiki

Wannan ma'auni na biyu yana amsa tambayar da na farko ya kasa: kashi nawa cikin ɗari na nauyin jiki ne kitse? Wajibi ne a fara da cewa kitse ba abokin gaba ba ne. Shi ne rumbun jiki, domin giram ɗaya nasa yana ɗauke da kalori 9, yayin da giram ɗaya na sitaci ko furotin ke ɗauke da 4. Yana kare kayan ciki, yana riƙe ɗumi, yana ajiye bitamin A da D da E da K. Bugu da ƙari, tun 1994 da Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano sinadarin leptin, an tabbatar cewa kitse gaɓa ce mai aiki, wadda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa game da yawan ajiyar da ke jiki. Akwai kitsen da rayuwa ba ta yiwuwa sai da shi, kimanin kashi 3 cikin ɗari ga namiji da kashi 12 ga mace. Macen da kitsenta ya yi ƙasa ƙwarai al'adarta takan ɗauke, ƙashinta kuma ya yi rauni.

Masana ba su haɗu a kan iyaka guda ba kamar yadda aka yi wa BMI. Wani jadawali da ake yawan amfani da shi, wanda aka buga a 2000, ya sanya madaidaicin kitse ga masu shekara 20 zuwa 39 a kashi 8 zuwa 19 ga maza da kashi 21 zuwa 32 ga mata, yana ɗan ƙaruwa da shekaru. Masu bincike da yawa suna ɗaukar fiye da kashi 25 ga namiji da fiye da kashi 35 ga mace a matsayin ƙiba.

To, ta yaya ake auna kitsen mai rai? Hanya ta farko ta dogara da abin da kowace mai girki ta sani, cewa mai yana tasowa saman miya. Santimita ɗaya murabba'i mai zurfin santimita ɗaya na kitse nauyinsa giram 0.9 ne, na sauran jiki kuwa kimanin giram 1.1, ruwa yana tsakiya da giram 1. Wato mudun tsoka ya fi mudun kitse nauyi. Behnke ya ari ƙa'idar Arkimidis, masanin tsohuwar Girka: a auna mutum a sarari, a sake auna shi ya nutse cikin ruwa bayan ya fitar da numfashi. Bambancin yana ba da girman jikinsa, daga nan a san danƙarewarsa, wato nauyinsa gwargwadon girmansa. William Siri ya tsara lissafin da ke juya wannan zuwa kaso: a raba 495 da danƙarewar, a cire 450. Mai danƙarewar 1.05 kitsensa kashi 21.4 ne.

Hanya ta biyu ita ce matse fata da wani ɗan awartaki mai ma'auni. A 1974 Durnin da Womersley na Jami'ar Glasgow suka tsara awon wurare huɗu: gaban damtse, bayan damtse, ƙasan allon kafaɗa, da saman ƙashin ƙugu. Tana da araha, amma sakamakonta ya dogara da ƙwarewar mai awo. Hanya ta uku ita ce ta sikelin zamani da ake gani a kantunan magani da wuraren motsa jiki, wanda ke tura ɗan ƙaramin lantarki da ba a jinsa ta cikin jiki. Tsoka tana da ruwa da yawa, lantarki yana ratsa ta da sauƙi, kitse kuwa yana tare shi. Rauninta shi ne duk abin da ya canja ruwan jiki yana canja sakamakon, kamar gumi da azumi da cin abinci da al'adar mata. Wanda zai yi amfani da ita ya riƙa awo a lokaci ɗaya na yini, ya dubi inda lambobin suka dosa cikin watanni. Hanya ta huɗu ita ce na'urar DXA mai amfani da hasken hoton ƙashi marar ƙarfi, wadda ke raba ƙashi da kitse da tsoka gaɓa-gaɓa. Ita ce madogarar masu bincike, sai dai tana da tsada, sai a manyan asibitoci.

Akwai kuma lissafin ƙiyasi da Paul Deurenberg na ƙasar Holan ya buga a 1991: a ninka BMI da 1.2, a ƙara shekaru da aka ninka da 0.23, a cire 5.4, idan namiji ne a sake cire 10.8. A kan Turawa aka gina shi, don haka ƙiyasi ne kawai, amma yana koyar da darasi. A kan sakamakon 25, namiji ɗan shekara 30 yana da kitse kimanin kashi 21, mace sa'arsa kashi 31 da rabi, namiji ɗan shekara 60 kuwa kusan kashi 28.

Mazaunin kitse

Sanin yawan kitse ma bai ƙare magana ba. A binciken Luke da muka ambata, kason kitse bai fi BMI iya hasashen hawan jini ba. Dalili ɗaya shi ne ba duk kitse ne halinsa ɗaya ba. A 1947 Jean Vague, likita a birnin Marsel na Faransa, ya lura cewa masu tara kitse a ciki da ƙirji, kamar yadda maza suka fi yi, sun fi kamuwa da ciwon sukari da na zuciya a kan masu tara shi a cinya da kwatangwalo, kamar yadda mata suka fi yi. Bincike na baya ya bayyana dalili. Kitsen da ke ƙarƙashin fata ajiya ce mai natsuwa. Wanda ke cikin tumbi, kewaye da hanji, yana zubar da maiƙo da sinadaran kumburi cikin jijiyar da ke tafiya kai tsaye zuwa hanta. Hanta sai ta tara kitse, jiki ya daina sauraron insulin yadda ya kamata, sukari da maiƙon jini su hau. Nazarin INTERHEART na 2005, wanda ya shafi mutum kimanin 27,000 a ƙasashe 52, ya nuna cewa kwatanta faɗin ƙugu da na kwatangwalo ya fi BMI nuna wanda ke cikin haɗarin bugun zuciya.

Wannan awo ba ya buƙatar komai sai tef irin na tela. Mutum ya miƙe tsaye, ya laluba haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin ƙugunsa, ya zagaya tef a tsakiyarsu, ya fitar da numfashi kamar yadda ya saba ba tare da shanye ciki ba, sannan ya karanta. Haɗari yana farawa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, yana tsananta daga 102 da 88. Su ma waɗannan iyakoki daga Turawa aka samo su. Akwai ƙa'ida mafi sauƙi wadda hukumar NICE ta amince da ita a 2022: faɗin ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Mai tsawon santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Wanda ba shi da tef ya yanki igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya ƙugunsa. Idan bakunan ba su haɗu ba, tumbin ya wuce kima.

A nan ya dace a ja kunnen masu shan ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Wasu daga cikinsu, irin su dexamethasone, suna tara kitse a fuska da ciki, suna cinye tsoka, suna tayar da sukari da hawan jini, suna raunana ƙashi da garkuwar jiki. Ƙibar da suke kawowa ita ce mafi muni a cikin nau'o'in da muka bayyana.

Kammalawa

Likitocin duniya sun karkata ga haɗa ma'aunai. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta shawarci mambobinta da kada su dogara da BMI shi kaɗai. A watan Janairun 2025 wani kwamiti na masana 58 a ƙarƙashin jagorancin Francesco Rubino ya ba da shawarar a riƙa tabbatar da ƙiba ta hanyar ƙara awon ƙugu ko awon kitse kai tsaye, sannan a bambanta wanda ƙiba ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓinsa da wanda ba ta taɓa ba tukuna.

Ga mai karatu, tsarin mai sauƙi ne. Ya lissafa BMI domin ya san sahun da yake. Ya auna ƙugunsa domin ya san inda kitsensa ya zauna. Idan ɗaya daga cikin biyun ya wuce iyaka, ko kuma akwai ciwon sukari ko hawan jini a danginsa, ya je a auna masa jini da sukari, domin su ne ke nuna ko ɓarna ta fara. Gyaran kuma ba sai an koma kamar sillen kara ba. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da tafiya mai sauri ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da 'yan kai, da tafiyar rabin sa'a sau biyar a mako. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.